Yatsan da Ke Buɗe Ƙofa: Nazarin Tsoro a Wasannin Nuna-Ka-Latsa Masu Yanayin Zamanin Biktoriya

Tsakure

Maƙalar ta nazarci wasannin kwamfuta uku na ban tsoro: Scratches na 2006, The Last Door na 2013 da The Excavation of Hob's Barrow na 2022. Ta gano cewa tsoron da ke cikinsu yana fitowa ne daga tilasta wa mai wasa ya aikata da hannunsa abin da zuciyarsa ke ƙi.

Gabatarwa

A wasan nuna-ka-latsa babu bindiga, babu gudu. Mai wasa yana kai kibiya kan abu da linzamin kwamfuta, ya latsa, jarumin ya je ya ɗauka ko ya buɗe. Masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni sun daɗe suna komawa Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901: tsofaffin gidaje, fitilar aci-bal-bal, wasiƙu, hazo. Zamanin ne ya haifi labarin Dakta Jekyll a 1886 da Dracula a 1897. Tambayar ita ce, yaya wasan da ba a kashe mai yinsa yake hana mutum barci?

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Yawancin nazarin tsoro a wasannin kwamfuta ya tare ne a kan wasannin tsira da rai, irin su Resident Evil na 1996 da Silent Hill na 1999. Bernard Perron ya keɓe wa Silent Hill littafi guda a 2012, ya kuma fitar da babban aiki kan wasannin ban tsoro a 2018. Aikinsa ginshiƙi ne, amma ma'aunin da aka yanka a jikin wasannin tsira da rai, wato dodo mai bin mutum, harsashi da ke ƙarewa, rai da ke raguwa, ya zama gwadabe da kowa ke bi. Da wannan ma'auni, wasan da babu mutuwa a cikinsa sai a ɗauke shi labari kawai mai hotuna. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba.

Tanya Krzywinska ta fi kusa da gaskiyar lamarin tun 2002, da ta nuna cewa tsoron wasa yana kai-kawo tsakanin samun iko da rasa shi. Tun kafin su duka, a rubutun da aka buga a 1826 bayan rasuwarta, marubuciya Ann Radcliffe ta bambanta fargabar abin da ba a gani sarai ba da ƙyamar abin da aka baje a fili.

Hanyar Bincike

An buga wasannin uku daga farko zuwa ƙarshe. A kowane wuri mai tayar da hankali an rubuta abin da allo ya nuna, abin da kunne ya ji, da abin da aka nemi yatsa ya yi.

Sakamakon Bincike

The Last Door, na kamfanin The Game Kitchen da ke Seville a ƙasar Sifaniya, ya buɗe ne da abin da ya tabbatar da hujjar wannan bincike. Shekarar 1891 ce. Kafin mai wasa ya haɗu da jarumi Jeremiah Devitt, sai a damƙa masa Anthony Beechworth shi kaɗai a ɗaki, da igiya da kujera. Babu wani abin latsawa sai su. Mai wasa yana gane inda aka dosa tun latsi na farko, kuma wasan ba ya matsawa sai ya ƙarasa. Da fim ne, mai kallo zai iya kau da kai har abin ya wuce. A nan idan ya kau da kai, ɗakin yana nan yana jiransa. Duk abin da Devitt zai tono daga baya a gidan Beechworth, mai wasa yana tono shi ne da sanin cewa hannunsa na ciki.

Hotunan wasan manyan ɗige-ɗige ne, fuskokin mutane ba ido ba baki. Wannan ƙarancin yana aiki irin wanda Radcliffe ta bayyana: ido ya kasa tantancewa, sai zuciya ta cike gurbin da abin da ya fi muni, kiɗan Carlos Viola yana ƙara iza ta.

The Excavation of Hob's Barrow, na Cloak and Dagger Games, ya shimfiɗa wannan dabara a tsawon wasa guda. Thomasina Bateman, mai haƙa tsofaffin kushewu, ta isa ƙauyen Bewlay bisa gayyatar Leonard Shoulder. Sunanta yana tuna Thomas Bateman na Derbyshire, mai haƙa kushewu na gaske da ya rasu a 1861. Tana ba da labarin ne bayan komai ya faru, da murya mai nuna ƙarshen bai yi kyau ba. Mutanen ƙauye suna ɗari-ɗari da ita, wasu suna gargaɗinta. Duk da haka aikin mai wasa shi ne neman izinin mai gona, nemo ma'aikata, tara kayan haƙa. Kowace matsala da ya warware, wadda a wani wasan nasara ce, a nan mataki ne zuwa ramin da ya san bai kamata a buɗe ba. Basirarsa ce take kai Thomasina ga halaka.

A Scratches, na kamfanin Nucleosys na Ajantina, labarin yana faruwa a 1976 cikin gidan Blackwood, ginin zamanin Biktoriya a arewacin Ingila. Marubuci Michael Arthate yana jin ƙarar karce da dare. Ba mai kora shi zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mai wasa ne ke saukar da shi, latsi bayan latsi.

Zamanin Biktoriya ya dace da wannan tsari domin jarumansa masu bincike ne: likita, malami, mai haƙa tarihi, mutanen da suka yi imani cewa duk abin da aka rufe a buɗe shi. Wasan nuna-ka-latsa ma haka yake horar da mai yinsa, ya taɓa komai, ya karanta kowace wasiƙa.

Iyakar Bincike

Wasanni uku ba su wakilci fagen duka ba, kuma ba a auna bugun zuciyar kowa ba. An kuma bar batun abin rufe fuska na Afirka da Scratches ya mayar tushen la'ana, gadon labaran mulkin mallaka da ke buƙatar maƙalarsa daban. Babu ɗayan waɗannan da ya taɓa hujjar da aka kafa.

Kammalawa

Binciken ya tabbatar da cewa barazanar mutuwa ba sharaɗi ba ce ga tsoro a wasan kwamfuta. Ya kamata manazarta su daina auna waɗannan wasanni da ma'aunin Resident Evil, su riƙa duba abin da aka sa mai wasa ya aikata da kuma abin da ya riga ya sani lokacin da yake aikata shi.