2.3 Tarihin Ƙa'idojin Sadarwa ta Zaren Gilashi a Cibiyoyin Adana Bayanai

Wannan sashe zai duba yadda aka samar da ƙa'idojin tura bayanai ta zaren gilashi, wato wayar da haske ke bi maimakon lantarki. Idan babu su, na'urar wannan kamfani ba za ta yi aiki da ta wancan ba, sai mai saye ya ɗauru ga kamfani guda.

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da gudun gigabit 1 cikin daƙiƙa a shekarar 1998, sannan gigabit 10 a 2002. Daga nan aka sami saɓani: masu ƙera manyan kwamfutoci suna son 40, kamfanonin sadarwa kuwa 100. Ƙa'idar 802.3ba ta 2010 ita ta raba gardama, domin ta ɗauki duka biyun.

A 2014 al'amarin ya sauya. Google da Microsoft, masu manyan cibiyoyi, sun haɗu da wasu kamfanoni suka tsara gigabit 25, IEEE ta biyo baya a 2016. An kai 400 a 2017, sannan 800 a 2024. Ke nan, buƙatar masu cibiyoyin ce ta koma jan ragama.