Daga Yatsu Huɗu zuwa Rubu'in Milimita: Awon Bindiga a Ƙasar Damagaram

Ran nan ina koya wa 'yan ajina awon tsawo, muka sauko daga mita zuwa santimita, muka zo milimita. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ɗan ƙaramin zanen me zai yi wa mutum?" Na ce masa ya je gida ya tambayi kakansa, wanda na san tsohon maharbi ne, yadda yake auna albarushi. Washegari ya dawo da amsa: yatsu huɗu. Wato in an ɗura bindigar toka, sai a zura sandar ɗuri, a dubi abin da ya yi saura a waje, a gwada da yatsun hannu. Amma yatsun wa? Nawa da na kakansa ba ɗaya ba ne.

Mu mutanen Magariya da Dungas ba baƙin bindiga ba ne. Dungas na cikin ƙasashen Sosebaki tare da Miriya da Wacha, Magariya kuwa na cikin wuraren da zuriyar sarakunan Daura suka zauna bayan jihadi. Duk wannan yanki ya shiga ƙarƙashin ikon Damagaram a ƙarni na 19, kuma bindiga na cikin abin da ya sa haka. Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Zinder da ganuwa, ya tara 'yan bindiga masu yawa, ya sa maƙera suna zuba igwa ta tagulla a cikin birni. Albarushi ma nan ake haɗa shi, farar wuta tana zuwa da ayarin Turabulus. A zamanin nan ba kowane sarkin ƙasar Hausa ke da irin wannan ba, kuma ina ganin muna rage wa yaranmu wani abu in muka koya musu tarihin Damagaram bisa jerin sunayen sarakuna kawai, muka bar maƙera.

Sai dai bindigar ɗuri ta baki tana da halinta. Yau albarushi ya yi ƙarfi, gobe damina ta sa masa laima. Wannan ya ɗura yatsu uku, wancan biyar. Abin da aka cusa a matsayin harsashi bai cika cike bakin daidai ba, saboda haka yana fita yana karkata. In kuma aka cika ɗuri, bindigar ta fashe a hannun mai ita. Tsofaffin maharba da yatsu ba cikakku ba, kowa a ƙauyukanmu ya taɓa ganin ɗaya.

A Turai kuwa an koma harsashi mai kwanson tagulla, wanda albarushi da dalma da abin tayar da wuta duk suna wuri ɗaya, an auna su tun daga masana'anta. Faransa ta ɗauki bindigar Gras a 1874, tsawon kwansonta milimita 59, sannan Lebel a 1886 mai albarushi marar hayaƙi. Da irin waɗannan bindigogi masu ɗuri ta baya sojan Faransa suka iso. An kashe Kyaftin Kazmaju a Zinder a 1898, a ranar 30 ga Yuli 1899 kuwa aka yi karon Tirmini, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta karye. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba ran nan. Amma wanda ke tsaye yana cusa albarushi da sanda ba zai yi tsere da wanda harsashinsa na ɗari yake daidai da na farko ba.

Akwai waɗanda suka gane haka da wuri. Can yamma, mutanen Samori Ture sukan tsince kwanson da aka harba a fagen fama, a kai wa maƙera su sake ɗura shi. To a nan ne milimitar yaron nan ta shigo. Tagulla tana miƙewa. Duk lokacin da aka harba, kwanson yakan kumbura ya cika ɗakinsa a cikin bindiga. In aka matse shi don a sake amfani da shi, sai ya ƙara tsawo kaɗan ta wajen baki. Ɗakin nan kuwa yana da iyaka. In kwanso ya zarce ta, bakinsa sai ya cusu cikin maƙogwaron bindigar, ya shaƙe harsashin, ya hana shi fita da sauƙi. Ƙarfin da ya kamata ya tura dalma gaba sai ya taru a baya, wajen fuskar mai harbi. Ko ba a kai ga haɗari ba, in tsawon kwansuna ya bambanta, riƙon da kowanne ya yi wa harsashinsa ya bambanta, saiti ya watse.

Masu sake ɗura harsashi a Amurka da Turai har yanzu da wannan suke fama, suna da ma'auni da ɗan injin datse baki. Kwanson .308 Winchester, alal misali, iyakarsa milimita 51.18, ana datse shi zuwa wajen 50.93. Bambancin rubu'in milimita ne, kamar kaurin takardar littafin rubutu biyu ko uku.

Abin da ya sa na damu da wannan magana ba sha'awar makami ba ce. A yanzu da maganar tsaro ta dami iyakarmu da Najeriya, samari suna sayen bindigar da aka haɗa da bututun ruwa, wasu ma suna cusa mata harsashin zamani da ba don ita aka yi ba. Ƙarfen da aka yi don ruwa bai san albarushi marar hayaƙi ba. Wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni bara da hannun hagu a naɗe. Na tambaye shi nawa ya ɗura, ya ce shi dai ya zuba kamar yadda ya ga ana zubawa.