Shaidun Damina Uku a Ƙasar Kakau

Kakau gari ne a kudancin Kogin Kaduna, a bakin hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Abuja. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, manoma ne tun kaka da kakanni. A zamanin En'e tana cikin ƙasar Zazzau, yau kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Chikun. Hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano cikin 1911 ta bi ta nan, har aka yi tasha. Cikin 1917 aka ƙaura da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, sai baƙi suka yi ta zuwa, Hausawa da Fulani da sauran kabilu, kowa ya nemi wurin noma ko na kiwo.

To, wannan tarihin gari ke nan a taƙaice. Amma akwai wani tarihi wanda ba a cika rubutawa ba, shi ne na yadda manomi ke sanin ranar shuka. Kada mai karatu ya raina wannan magana. Ruwan da kan sauka a wajen Kaduna ya kan kai kamar inci 50 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, amma farkonsa mayaudari ne. A kan yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, kowa ya ɗauki sungumi, daga nan sama ta ɗauke har kwana ashirin, tsiro ya ƙone. Wanda ya zuba irinsa duka a wannan ruwa, rumbu kuwa ya riga ya yi ƙasa, ya shiga uku, sai bashi.

Wani tsoho da na zauna da shi a gindin ɗorawa ya ce mini, alkali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, don haka shi ma ba ya yarda da damina sai ta kawo shaidunta. Na ce su wane ne? Ya ce tsuntsu, da ƙwaro, da abin da ke tsirowa a kan suri. Su ne zan ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya, tare da abin da masana suka gano daga baya.

Shamuwa

Shaida ta fari ita ce shamuwa. Kowa ya san ta, baƙa ce mai farin ciki da doguwar ƙafa. Idan bazara ta tsananta, cikin Maris ko Afrilu, sai a gan su garke garke suna shawagi can sama, sun fuskanci arewa. Mutanen Kakau kan riga na Kano da Katsina ganinsu, domin ta kudu su ke fitowa. Yawancinsu wucewa su ke yi, sai sun kai ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina da Damagaram su ke yin sheƙa a kan kuka ko rimi ko tsamiya, a tsakiyar gari. Ba a kashe shamuwa, ba a ɗibar ƙwanta, yaro ma in ya jefe ta sai manya su tsawata masa.

Mutanen da sun san lokacin zuwanta, amma inda ta kan tafi da kaka ya ɓoye musu. Yanzu an sani. Da ruwa ya ɗauke a nan, sai ta bi shi, ta ƙetare tsakiyar duniya, ta sauka a ƙasashen gabas da kudancin Afirka, kamar Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa sa'ad da mu ke shiga hunturu. Watau shamuwa ba ta san rani ba, daga damina sai damina. Abin da ya sa kuwa shi ne abincinta, fara da babe da tsutsa, su kuma sai da ɗanyar ciyawa su ke yawa. Turawa sun shigar da ita littattafansu cikin 1823, suka sa mata sunan Abdim, wani gwamna na Turkawa a ƙasar Sudan.

Ganin shamuwa ba ya nufin a yi shuka. Abin da ta ke faɗi shi ne a gama sassabe, a kai taki, a gyara ƙotar fartanya, a fito da iri a duba ko ƙwari sun ci.

Shinge

Shaida ta biyu ba ta fitowa sai an yi ruwa mai ƙarfi wanda ya ratsa ƙasa. Da almuru, ko da dare, sai ka ga shinge sun ɓarke daga ƙasa kamar hayaƙi, sun rufe fitila. Yara su fito da ƙwarya da ruwa su yi ta kamu, a soya a ci. Kaji da kwaɗi da ƙadangaru da tsuntsaye kowa ya sami rabonsa.

Shinge 'ya'yan gara ne masu fiffike, maza da mata, waɗanda suka fito neman wurin kafa sabon gida. In sun faɗo sai su zubar da fiffike, namiji ya bi mace, su haƙa rami su shige. Daga cikin dubu da wuya kaɗan su tsira. Wadda ta tsira ita ce za ta zama uwar gara, ta kumbura ta kai tsawon yatsa ko fiye, tana zuba ƙwai dubbai kowace rana. Ba su iya haƙa busasshiyar ƙasa, don haka ba su fita sai ta yi laushi. Ka ga dalilin da ya sa manomi ya yarda da shaidarsu. Duk da haka tsohon nan ya ce shi sai ya tona gonarsa, in ya sami damshi ya kai kamu ɗaya, sa'an nan ya kira 'ya'yansa su ɗauko iri.

Gara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun allo, gama malamai sun gaya mana ita ce ta ci sandan Annabi Sulaimanu, kamar yadda ya zo a cikin Suratu Saba'i. Bature na fari da ya bayyana zamanta filla filla shi ne Henry Smeathman, wanda ya zauna a Saliyo, ya gabatar da labarinta a Ingila cikin 1781.

Naman kaza

Shaida ta uku ita ce mafi ban mamaki. Idan ruwa ya zauna, sai a wayi gari a ga naman kaza ya tsiro a kan suri ko kusa da shi, fari, mai doguwar jijiya wadda ta nutse can cikin ƙasa. Matan Gbagyi sun san surin da ke bayarwa, su kan yi sammako su tsinko, a yi miya, in ya yi yawa a shanya ko a kai kasuwa.

Me ya haɗa naman kaza da suri? Ashe gara ma manomiya ce. Ba ta iya narkar da itace da kara ita kaɗai, saboda haka ta kan tauna su ta tara a ɗakuna cikin suri, ta shuka wata irin fumfuna a kai. Fumfunar ta ruɓar da itacen, gara ta ci. Da damina fumfunar nan ke huda ƙasa ta fito, ita ce naman kazan da mu ke ci. Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya ware irin wannan naman kaza ya ba shi suna cikin 1942. Sai dai a yi hattara. Akwai lemar kwaɗi mai dafi wadda ta yi kama da na ci, tana kisa. Wanda bai sani ba kada ya tsinka, sai ya bi wanda ya sani.

Shekarun fara

Duban tsuntsaye da ƙwari bai tsaya ga ranar shuka kaɗai ba, wani lokaci shi ne tsakanin ƙoshi da yunwa. Cikin 1928 fara ta tashi daga fadamun Kogin Kwara a ƙasar da yau a ke kira Mali. Kafin shekara biyu ta cika Arewa, ta kuma bazu har ta game yawancin Afirka, ba ta lafa ba sai wajen 1941. A yammacin Nijar ta cinye gero, aka yi yunwa mai tsanani cikin 1931, mutane da yawa suka mutu, waɗansu suka gudo Nijeriya. A nan kuwa En'e ta sa dagatai da masu unguwa su fito da jama'a. A kan haƙa dogon rami a kora ɗango ciki tun ba su yi fiffike ba, a binne. A kan cuɗa dusa da guba a watsa musu. An kuma matsa wa mutane su shuka rogo, don abin da ke cikin ƙasa fara ba ta kai gare shi.

Fara ɗaya ta kan ci kamar nauyin jikinta kowace rana, garke guda kuwa ya kan ƙunshi miliyoyi. Ina su ke ɓuya a shekarun da ba a ganinsu? Wani masani mutumin Rasha, Boris Uvarov, ya warware wannan cikin 1921. Ya nuna farar da ke zaune ita kaɗai cikin ciyawa, ba ta cutar kowa, ita ce dai mai zuwa a garke. In ruwa ya yi kyau suka hayayyafa, sa'an nan ciyawa ta bushe suka matsu wuri guda suna gogar juna, sai launinsu da halinsu su sake, su tashi gaba ɗaya. Daga nan aka gane maganin fara shi ne a sa ido a kan wuraren da ta ke haihuwa, a kashe ta tun tana ɗango. Rigakafi ya fi magani.

Fumfuna ta zama makami

Daga 1986 zuwa 1989 farar hamada ta sake mamaye ƙasashen bakin Sahara, har cikin Oktoba 1988 waɗansu garkuna suka ƙetare Tekun Atlantika suka sauka a tsibiran Karebiyan. Aka yi ta feshin guba da jiragen sama. Fara ta mutu, amma gubar ba ta zaɓe, ta taɓa zuma da kifi da tsuntsaye masu cin fara. Wanda ya kashe mai taimakonsa kuwa ya ƙara wa kansa aiki.

Saboda haka cikin 1989 aka kafa wani shiri mai suna LUBILOSA, masana suka shiga neman abin da zai kashe fara ya bar sauran halitta. Suka same shi a wata koriyar fumfuna wadda tun asali ta kan kama fara a daji. A kan cuɗa ƙurarta da mai a fesa, ta huda fatar fara ta tsiro a cikinta, cikin mako ɗaya zuwa uku ta mutu. An gwada a Nijar da Benin da Mali, aka ga ta yi, tsuntsun da ya ci farar kuma ba abin da ya same shi. Dubi ikon Allah, 'yar'uwar abin da ke ɓata mana tuwon jiya ita ce ta zama garkuwar gero.

Abin da ya rage gare mu

Maƙiyan gona ba su ƙare ba. Cikin 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a Nijeriya, asalinta daga nahiyar Amurka, tana shiga cikin kunnen masara ta cinye zuciyar. Wanda ke zaga gonarsa da safe, yana buɗa ganye yana dubawa, shi ke tarar da ita tun tana ƙarama. Wanda ya jira sai ganye ya zama kamar rariya ya makara.

Kaduna kuma tana ta faɗaɗa, ta doshi Kakau. Inda da a ke noman dawa yanzu gidaje ne, manyan itatuwa sun tafi gawayi, suri ya zama ƙasar gini. In babu itace ina tsuntsu zai sauka, in babu suri ina naman kaza zai fito? Tsofaffin da suka san waɗannan alamu suna ƙarewa, samari kuwa hankalinsu ya koma birni.

To, 'yan'uwa da Allah ya ba ku karatu da rubutu da girmanku, ga wani aiki da ba ya bukatar kuɗi. Kowa ya nemi ɗan littafi ya ajiye. Ran da ka fara ganin shamuwa, rubuta. Ran da shinge suka fito, rubuta. Haka ranar ruwan fari, da ranar da ka yi shuka, da ranar da naman kaza ya tsiro, da abin da ka samu da kaka, dami nawa ko buhu nawa. Ka tambayi tsofaffin unguwarku sunayen tsuntsaye da ƙwari, da Hausa da Gbagyi da Fulatanci, ka rubuta tun suna da rai. Ka kuma saurari abin da ma'aikatan duba yanayi ke faɗi a rediyo kowace shekara, ka gwada da naka. Bayan shekara goma za ka ga littafin nan ya san gonarka fiye da kowane baƙo, ɗanka kuma ya gaje shi tare da gonar.

Shaidun nan uku su kan yi kuskure, gama an yi shekarun da shamuwa ta zo, shinge suka tashi, ruwa kuma ya ƙi, kamar 1973 da 1984. Sanin gaibu sai Allah. Amma an umurce mu da duban halittarsa, gani kuwa ya kori ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fara da fari, amin.