Ƙarin Albashin Da Ke Tsayawa A Shika

Duk wanda ya yi aikin likita a asibitocin gwamnatin jiha da ke arewacin Kaduna, irin na Ikara da Makarfi da Hunkuyi, hedikwatar Kudan, ya san labarin ƙarin albashi yakan riga kuɗin isowa da shekaru. Ka ji a rediyo an sa hannu a Abuja, abokan karatunka da ke asibitin koyarwa na Shika su ga canji a ƙarshen wata, kai kuwa a ce ka dakata jiha ta duba aljihunta. Takardar albashin tarayya ba ta ɗaure gwamna. In ya so ya biya duka, in ya so ya yanki wani kaso ya bayar.

Manyanmu, waɗanda suka fito daga makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1967, daga ƙarin albashin kwamitin Udoji suke ɗauko tarihin. Ƙarin 1974 ya zo da ariyas mai tsoka, aka yi ta sayen babura da rediyo, amma ya zuba ma'aikatan gwamnati duka a ma'auni ɗaya, mataki na 1 zuwa na 17. Tun daga nan kokawar likitoci ba ta sake salo ba: a ware mana namu tsarin, domin wanda ke kwana a ɗakin tiyata ba ɗaya yake da wanda ke kulle ofis bayan la'asar ba.

A 1985 aka yi karon battar da har yau ake tunawa. Ƙungiyar likitoci ta ƙasa, NMA, ta shiga yajin aiki kan lalacewar asibitoci, gwamnatin soja ta Buhari ta haramta ta, aka kuma tsare ɗaya daga cikin jagororinta, Beko Ransome-Kuti. Ikon Allah, shekarar ba ta ƙare ba sai ga yayansa Olikoye a kujerar ministan lafiya ƙarƙashin Babangida. Shi ya dage a kai lafiya ƙauye, a zamaninsa ne kuma likitoci suka sami ma'aunin albashi nasu na kansu. Daga baya aka sake haɗe kowa, sai a 2009 aka fito da CONMESS, tsarin albashin likitoci da muke ta jayayya a kansa har yanzu.

To, ina likitan karkara a cikin wannan duka? Wajajen 1980 aka fara horar da likitan da ke duba kowa da komai a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa, wanda yanzu ake kira likitancin iyali. Asibitocin mishan irin Evangel na Jos da na Baptist a Ogbomosho ne suka riƙe horon da farko. Niyya ta yi kyau. Sai dai wanda ya gama ya zama ƙwararre, gurbinsa da albashinsa suna birni, can yake zama. Wanda ya rage a Ikara shi ne likitan da bai tafi ƙaro karatu ba, kuma shi ke yin aikin da aka tsara fannin dominsa: ya fiɗa mai naƙuda da tsakar dare, da safe ya duba yara masu zazzaɓin damina, kafin azahar a kawo masa waɗanda mota ta kife da su wajen Tashar Yari. Ya san gidan kowa, ya san wanda zai sayar da rake kafin ya iya sayen magani. A takardar albashi kuwa shi ne na baya.

Dalili a bayyane yake. Masu ƙarfin yaji su ne likitoci masu neman ƙwarewa, 'yan ƙungiyar NARD, kuma a asibitocin koyarwa suke. In suka ajiye aiki, Abuja takan ji a jikinta. A yajin 2014, ana tsakiyar fargabar Ebola, gwamnatin Jonathan ta sanar da korar kusan 16,000 daga cikinsu, ba a jima ba ta janye. Likitan ƙauye fa? Yajinsa ba ya kaiwa ko jarida. Ba ya ma yiwuwa yadda ya kamata, don mara lafiyar maƙwabcinsa ne. Dattijo zai tako har gida ya yi sallama: "Likita, don girman Allah a taimaka, 'yar taka ce ba ta haihu ba tun jiya." Wa zai buɗe baki ya ce ƙungiya ta hana?

Kuɗin kasada ma abin dariya ne da ba ya ba da dariya. Naira 5,000 a wata, da shi aka shiga annobar korona, sai ƙarshen 2021 tarayya ta ƙara. A Kaduna kuwa, a 2020 an zaftare kashi 25 na albashin wasu ma'aikata don tallafin annobar, a watan Mayun 2021 kuma, lokacin yajin ƙungiyar ƙwadago, gwamna El-Rufa'i ya sanar da korar nas-nas da ke ƙasa da mataki na 14. A yi adalci, gwamnatin ta sa hannu a gyaran ƙananan asibitoci 255, ɗaya a kowace gunduma. Amma galibi ɗaliban da kwalejin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta yaye ne ke riƙe da su, mutane na ce musu likita, su ma kuma nasu albashin a hannun jiha da ƙaramar hukuma yake.

A 2023 NARD ta nemi ƙarin kashi 200, aka ba da 25, a shekarar da farashin man fetur ya ninka kusan sau uku. A shekarar ne kuma wani ɗan majalisa daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar, wai don a tare masu tafiya Saudiyya da Ingila. Ƙudurin ya sa ido a filin jirgi, alhali tafiyar daga tashar motar Ikara take farawa. Likita yakan bar karkara ya koma asibitin tarayya a Zariya ko Kano, daga can ne yake neman biza. Abin da zai tsayar da shi a matakin farko sananne ne a tsakaninmu: cikakken CONMESS a jiha, alawus na zaman karkara da ya kai a kira shi kuɗi, gida mai ruwa da wuta, sannan a lissafa masa shekarun ƙauye in ya nemi gurbin ƙwarewa. A tarurrukan ƙungiya waɗannan buƙatu sukan zo can ƙasan takarda, don masu su ba sa samun zuwa taron. In likita ɗaya ne a asibiti, ba shi da wanda zai bar wa.