Filin da Ba Shi da Mai Shi: Asalin Katsewar Wi-Fi a Gida

Kusan duk mai aiki da kwamfutar cinya a gida ya san wannan damuwa: ana tsakiyar taro ta bidiyo, ko ana gab da aika rahoto, sai intanet ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Akan ɗora laifin kan kamfanin sadarwa, kuma wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa matsalar tana tsakanin kwamfutar da rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a cikin gida, kuma tushenta ya girmi kwamfutar cinya da shekaru masu yawa.

A 1945, wani injiniyan kamfanin Raytheon a Amurka, Percy Spencer, ya lura cewa igiyoyin rediyon da na'urar rada ke fitarwa suna iya dafa abinci. Daga nan aka samu na'urar ɗumama abinci ta maikirowef. Irin waɗannan injuna suna zubar da ƙara a sararin rediyo, don haka a taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da aka yi a Atlantic City a 1947 aka ware wasu zanguna domin injunan masana'antu da na kimiyya da na asibiti, ciki har da zangon da ke kewayen gigahaz 2.4. Sharaɗin shi ne duk wanda ya yi sadarwa a wurin dole ya jure hayaniyar injunan. Shekaru da dama zangon ya zauna kamar juji.

A watan Mayun 1985, hukumar sadarwar Amurka, FCC, bisa ƙoƙarin wani injiniyanta, Michael Marcus, ta ba kowa damar aika saƙo a wannan zango ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfin na'urar bai wuce wat 1 ba. Wannan ya sauƙaƙa ƙirƙira, amma wanda bai biya lasisi ba, ba shi da hurumin kai ƙara idan wani ya cika masa kunne. A 1997 kwamitin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, ƙarƙashin jagorancin Vic Hayes ɗan ƙasar Holan, ya fitar da ƙa'idar 802.11 mai gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 aka kai gudun zuwa megabit 11, kuma a Yulin wannan shekarar kamfanin Apple ya nuna kwamfutar iBook tana shiga intanet ba waya. Cikin ƴan shekaru jujin ya zama kasuwa: Bluetooth, da wayoyin gida marasa igiya, da linzamin kwamfuta mara waya, duk suka tare a nan.

Faɗin zangon bai wuce megahaz 83.5 ba. An raba shi tashoshi masu tazarar megahaz 5, alhali saƙon Wi-Fi yana cin kusan megahaz 20. Shi ya sa tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: ta 1 da ta 6 da ta 11. A unguwar da kowane gida ke da rauta, na'urori da yawa ne ke rububin waɗannan ukun.

Yadda suke raba filin ma yana da tarihi. A 1971, Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka haɗa kwamfutocin tsibirai ta rediyo a tsarin ALOHAnet. Idan saƙo biyu suka yi karo, kowanne ya dakata na wani ɗan lokaci da ba a ƙayyade ba, sannan ya sake gwadawa. Wi-Fi ta gaji wannan dabara, ta ƙara da saurarawa kafin magana. Tsarin yana aiki lafiya idan masu magana kaɗan ne. Idan suka yi yawa, jira da maimaici su ne ke cinye lokacin, har kwamfuta ta ɗauka cewa rauta ta ɓace.

Wanda ya san wannan tarihi ya san inda zai fara bincike. Da farko a haɗa kwamfutar da rauta ta waya. Idan intanet ta ci gaba da katsewa, matsalar daga kamfanin sadarwa take ko daga rautar kanta. Idan ta tsaya daram, to a iska take. Sai a fito da rautar daga lungu zuwa tsakiyar gida, a ɗaga ta sama, a nesanta ta da kicin, domin bangon siminti mai rodi da ƙarfe suna raunana igiyoyin. A saitinta a gwada tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11. Idan tana da zangon gigahaz 5, wanda aka tanadar wa Wi-Fi ƙa'idarsa tun 1999, a koma can: tashoshinsa sun fi yawa kuma maikirowef ba ta kai shi, sai dai ba ya ratsa bango kamar na 2.4. Idan kuwa sauran na'urorin gidan suna aiki lafiya, kwamfutar ce kaɗai ke ɗaukewa, a duba saitin tanadin batir, wanda kan kashe katin Wi-Fi, a kuma sabunta manhajar katin.

A Afrilun 2020 FCC ta buɗe ƙarin megahaz 1,200 a zangon gigahaz 6, shi ma ba lasisi. Filin ya ninka na 1985 sau da yawa, amma sharaɗinsa bai canja ba: kowa na da damar shiga, kuma babu wanda aka yi wa alkawarin shiru.