Sai da Ruwan Ciki: Tarihin Biyan Ɗalibai a Ƙungiyoyin Agaji

Gabatarwa

Matashin da ya kammala jami'a ya tafi neman aiki a ƙungiyar agaji, tambayar da za ta fara tarar sa ita ce inda ya taɓa aiki. Amsar da aka fi karɓa kuwa ita ce 'yan watannin sanin makamar aiki da ya yi a wata ƙungiya tun yana ɗalibi. Wasu ƙungiyoyi suna biyan alawus a kan waɗannan watanni, da yawa kuma ba sa biya, bisa hujjar cewa aikin agaji na sa-kai ne, kuma ɗalibin ya riga ya ƙaru da ilimi. Wannan muƙala za ta bi sawun al'amarin daga Landan ta 1884 zuwa Amurka ta ƙarni na 20, inda aka fi yin ja-in-ja a kansa. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, duk sa'ad da ɗalibi ya yi aiki kyauta, akwai wanda ya biya masa ci da makwanci, kuma galibi mahaifinsa ne. Saboda haka maganar alawus magana ce ta wanda za a buɗe wa ƙofa da wanda za a bari a waje.

Gidan Toynbee da 'ya'yan masu hali

A shekarar 1884 wani limamin coci, Samuel Barnett, da matarsa Henrietta suka buɗe wani gida a Whitechapel, unguwar talakawa a gabashin Landan. Suka sa masa suna Toynbee Hall don tunawa da Arnold Toynbee, matashin malamin tarihi na Oxford da ya rasu a 1883. Manufarsu ita ce samarin da suka yi karatu a Oxford da Cambridge su zo su zauna cikin talakawa, su koyar da su da dare, su ba su shawara kan shari'a, su kuma ga talauci da idonsu. Mazauna gidan su ne ke biyan kuɗin ɗaki da abincinsu. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya tace masu shiga: ɗan lebura na tashar jiragen ruwa, wanda aka haifa a bayan gidan, zai iya zuwa ɗaukar darasi, amma da wuya ya zama mazauni.

Jane Addams ta ziyarci gidan a 1888, ta koma Amurka, ita da ƙawarta Ellen Gates Starr suka buɗe Hull House a Chicago a 1889. Gadon da mahaifinta ya bar mata shi ne jarin farko. Nan ma mazauna, waɗanda yawancinsu mata ne masu ilimin jami'a, su suke ɗaukar nauyin zamansu.

Ba wanda zai musanta alherin da waɗannan gidaje suka shuka. Sai dai akwai wani amfanin da ba a cika ambata ba, wato wanda masu aikin suka girba wa kansu. William Beveridge ya kama aiki a Toynbee Hall a 1903, kuma rahotonsa na 1942 ne ya zama harsashin tsarin jin daɗin jama'a na Birtaniya. Clement Attlee ya riƙe muƙamin sakataren gidan wajajen 1910, ya zama firaminista a 1945. Frances Perkins ta yi aikin sa-kai a Hull House, a 1933 ta zama sakatariyar ƙwadago ta Amurka, mace ta farko a majalisar ministocin ƙasar. Gidan agaji ya zama tsani, matakinsa na farko kuwa sai mai guzuri ke iya takawa. Wanda ya riga ka kwana, dole ya riga ka tashi.

Lokacin da gwamnati ta sa hannu

Babbar karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ta girgiza wannan tsari, domin har 'ya'yan masu matsakaicin ƙarfi sun fara barin makaranta. A 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa Hukumar Matasa ta Ƙasa, wadda ta riƙa biyan ɗaliban sakandare da na jami'a ɗan kuɗi a wata, su kuma su yi aiki a ɗakunan karatu, ɗakunan gwaje-gwaje da ofisoshin makarantunsu. Mary McLeod Bethune ce ta shugabanci sashen baƙar fata na hukumar, ta dage sai an sa ɗaliban kwalejojin baƙar fata cikin rabon. A jihar Texas kuwa an damƙa hukumar a hannun wani matashi ɗan shekara 26, Lyndon Johnson, tsohon malamin makaranta wanda shi ma da aikin ƙarfinsa ya yi karatun kwaleji. An rufe hukumar a 1943, amma ta bar wani tunani a baya: ɗalibi zai iya yi wa jama'a aiki a biya shi, ba tare da aikin ya zubar da ƙimarsa ba.

A 1938 aka kafa dokar ƙwadago da ta tsayar da mafi ƙarancin lada a kan santi 25 a awa. Bayan shekara 9, a shari'ar Walling da kamfanin jirgin ƙasa na Portland Terminal, Kotun Ƙoli ta yanke cewa masu koyon kula da burkin jirgi na kimanin mako guda ba ma'aikata ba ne, domin su ne ke cin moriyar horon. Wannan hukunci na 1947, wanda ya shafi 'yan kwanaki a farfajiyar jirgin ƙasa, shi aka riƙa jingina da shi daga baya wajen halatta watannin aiki babu biya a ofisoshi.

Bazarar 1964

Babu inda tambayar ta fito fili kamar jihar Mississippi. A farkon shekarun 1960, baƙar fatar da ke da rajistar zaɓe a jihar ba su kai kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka isa zaɓe ba. Gamayyar ƙungiyoyin neman 'yanci, ƙarƙashin jagorancin Bob Moses, ta gayyaci ɗalibai daga jami'o'in arewacin ƙasar su zo su taya yin rajista da koyarwa. Ɗaruruwa suka amsa, akasarinsu farar fata. Ba a yi musu alƙawarin ko sisi ba; hasali ma an nemi kowane ya zo da dala 150 na ɗawainiyarsa, ya kuma tanadi dala 500 na beli idan an kama shi. Binciken da masanin zamantakewa Doug McAdam ya wallafa a 1988 ya nuna cewa kuɗin shigar iyalan masu neman shiga ya ɗara matsakaicin na ƙasar da tazara mai yawa.

Masu shirya aikin sun san haka, kuma da gangan suka yi. Sun fahimci cewa an daɗe ana kashe baƙar fata a jihar ba tare da jaridu sun ɗaga kai ba, amma idan aka taɓa ɗan mai hali daga New York, ƙasa za ta motsa. Ranar 21 ga Yuni, 1964 aka kashe James Chaney, Michael Schwerner da Andrew Goodman a gundumar Neshoba, sai 4 ga Agusta aka gano gawarwakinsu. Goodman ɗalibi ne ɗan shekara 20. A yayin nemansu aka tsamo gawarwakin wasu samari baƙar fata biyu, Henry Dee da Charles Moore, waɗanda ɓatansu tun watan Mayu bai tayar da hankalin hukuma ba.

Jarumtar waɗannan ɗalibai ba abar rainawa ba ce, sun sa ransu a faifai. Amma a dubi waɗanda suka saukar da su: iyalan talakawa manoma da masu aikatau, waɗanda suka ba su makwanci da abinci, alhali suna fuskantar kora daga aiki da ƙona gida. Ma'aikatan dindindin na ƙungiyar ɗalibai ta SNCC kuwa, da yawansu 'ya'yan yankin, dala 10 ake ba su a mako. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma su ne suka ba ɗan talaka damar tsayawa kan aikin shekara da shekaru, bayan baƙin bazara sun koma ajujuwansu.

A wannan bazarar dai, ranar 20 ga Agusta, Lyndon Johnson, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar yaƙi da talauci. Dokar ta haifar da shirin karatu-da-aiki, wanda ya ba ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi damar yin aiki a makarantarsa ko a wata ƙungiyar da ba ta neman riba, gwamnati ta biya har kashi 90 cikin 100 na ladansa a farko, ƙungiyar ta cika saura. Ta kuma haifar da shirin VISTA, mai tura 'yan sa-kai unguwannin talakawa tare da alawus na zaman rayuwa. Daga baya majalisa ta wajabta wa makarantu su kashe wani kaso na kuɗin karatu-da-aiki a kan hidimar jama'a: kashi 5 daga 1994, kashi 7 daga 2000. Dabarar a nan ita ce shigo da hannu na uku. Ƙungiya ba ta da kuɗi, ɗalibi ba shi da guzuri, sai baitulmali ya shiga tsakani.

Iyakar sa-kai a gaban shari'a

Duk da haka, doka ta bar wa ƙungiyoyin agaji wata kafa da ba ta bar wa kamfanoni ba, domin tana so a bar mutum ya ba da lokacinsa sadaka in ya ga dama. Kafar tana da iyaka. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari shari'ar Gidauniyar Tony da Susan Alamo, wata ƙungiyar addini mai gidajen mai, shaguna da gonaki, inda mabiyanta ke aiki a ba su abinci, sutura da makwanci. Ma'aikatan da bakinsu suka ce ba sa son albashi, amma kotu ta ce ma'aikata ne. Dalilinta shi ne, idan aka yarda ma'aikaci ya yafe haƙƙinsa da baki, mai ƙarfi zai tilasta wa marar ƙarfi furta yafewar, kuma ladan sauran ma'aikata zai faɗi. A Birtaniya, dokar mafi ƙarancin albashi ta 1998 ta keɓe masu aikin sa-kai a ƙungiyoyin agaji, muddin ba a ba su komai ba sai kuɗin ɗawainiya. Cikin wannan keɓewa ne ƙungiyoyi da dama suka riƙa tallata gurbin sanin makamar aiki na watanni babu albashi a Landan, birnin da kuɗin haya kaɗai ya isa ya kori ɗan talaka.

Hujjojin masu ja

Masu adawa da biya suna da hujja biyu masu nauyi. Ta farko, kuɗin ƙungiya amanar mabuƙata ne, duk abin da aka ba ɗalibi an rage daga bakin maraya. Ta biyu, biya yana gurɓata niyya. Ga mai karatu Bahaushe, amsar ba baƙuwa ba ce. Cikin rukunai 8 da aka ƙayyade wa zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba akwai masu aikin tattara ta, wanda ke nuna cewa ciyar da mai hidimar sadaka daga cikin sadakar ba cin amana ba ne. A aikin gayya ma, ba a biyan lada, amma mai gona shi ke fitar da tuwo da fura. Ba a taɓa cewa ɗan gayya ya zo da abincinsa ba. Kuma wajibi ne a bambanta dattijon da ke ba da yammacin Asabar ɗinsa don Allah, da ɗalibin da ke zuwa ofis kullum daga safe zuwa la'asar saboda ya san in babu wannan takarda ba zai sami aiki ba. Na farko sadaka ya yi, na biyu kuɗin shiga yake biya da guminsa.

Kammalawa

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Tun 1973 Nijeriya ke da shirin SIWES ƙarƙashin asusun horaswa na ITF, amma don masana'antu da fannonin kimiyya da fasaha aka tsara shi. A halin da ake ciki, rikicin arewa maso gabas ya mayar da Maiduguri matattarar ƙungiyoyin agaji, kuma matasa sun gane cewa aikin sa-kai shi ne mashigar aikin albashi a cikinsu. Idan mashigar ta zama ta mai iya biyan kuɗin mota da abincin wata 6 daga aljihun gida, to za a maimaita Whitechapel: 'ya'yan masu hali su koyi aikin, su hau shugabanci, su riƙa yanke shawara a kan talaucin da ba su taɓa kwana cikinsa ba, ɗan sansanin gudun hijira kuwa, wanda ya san harshen mutanen da ciwonsu, ya tsaya a layin karɓar tallafi. Asarar ta ƙungiyar ce da mabuƙatan kafin ta zama ta ɗalibin. Tarihi ya nuna mafita tun 1964: masu ba da tallafi, gwamnati da jami'o'i su sa alawus ɗin ɗalibi cikin kasafin aikin tun daga tushe, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ake so ya ja wa jama'a ruwan rijiya, sai an fara ba shi na ciki.