Abin da ke hana kwamfuta ganin firinta a gida

Sau da yawa mutum kan tura takarda daga kwamfuta zuwa na'urar buga takardu, wato firinta, tana kunne, ga tawada ga takarda, amma kwamfutar ta ce ba ta gan ta ba.

Ga ɗalibin da zai buga takardar shiga jarrabawa, ko ɗan kasuwa mai son bai wa abokin ciniki rasiti, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Wasu har sukan kwashi na'urar zuwa wajen mai gyara, alhali lafiyarta ƙalau, hanyar da ke tsakaninta da kwamfuta ce ta yanke.

Batun adireshi

Kowace na'ura da ke kan Wi-Fi na gida tana da lamba da ake kira adireshin IP, wadda galibi ke farawa da 192.168.

Na'urar rarraba intanet, wato rauta, ita ce ke raba waɗannan lambobi ta wani tsari mai suna DHCP, wanda aka fara wallafa ƙa'idojinsa a 1993. Sai dai aron lambar take bayarwa na wani lokaci.

Don haka idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta na iya bai wa firinta sabuwar lamba, ita kuwa kwamfuta ta ci gaba da aika aiki zuwa tsohuwar. Wannan kan addabi gidaje a inda wutar lantarki ba ta tsayawa, kamar Najeriya da Nijar.

Matakin farko shi ne a kashe komai, a kunna rauta, a jira kamar minti biyu, sannan a kunna firinta, kana kwamfuta.

Idan hakan bai yi ba, sai a duba adireshin firintar a allonta. Idan ya fara da 169.254, to ba ta samu lamba daga rauta ba ke nan, sai an sake haɗa ta da Wi-Fi.

Maganin dindindin shi ne a shiga saitin rauta a keɓe wa firintar lamba guda da ba za ta sauya ba.

Layi daban-daban

Wajibi ne na'urorin biyu su kasance a kan layi guda. Kwamfutar da ke jan intanet daga wayar salula ba za ta ga firintar da ke kan rauta ba, haka ma wadda ke kan layin baƙi.

Bugu da ƙari, firintoci da dama zangon gigahaz 2.4 kawai suke kamawa, ba sa ganin na gigahaz 5. Kuma idan aka sauya kalmar sirri ta Wi-Fi, sai an shigar wa firinta sabuwar.

Ɓangaren kwamfuta

Wani lokaci aiki guda ne ke maƙalewa ya tare na bayansa. A Windows sai a goge jerin ayyukan da ke jira, a sake tayar da Print Spooler.

Haka kuma ana iya cire firintar daga kwamfuta a sake sa ta, tare da manhajarta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Masu iPhone ba sa bukatar wannan idan firintar na da AirPrint, tsarin da Apple ya fito da shi a 2010.

Kafin a nufi wajen mai gyara, a gwada haɗa su da wayar USB. Idan takarda ta fito, to galibi laifin ba na firinta ba ne.